Ruwa Bai Iya Karatu Ba

A ƙasar Haɗeja akwai wani ƙauye da hanyarsa ta ɓalle daga babban titi, ta ratsa jigawa, ta gangara fadama, sannan ta hau tudun da garin yake zaune. Wata shekara bayan kaka labari ya iso cewa za a sake gina hanyar, kuma wani babba daga cikin 'ya'yan yankin zai zo da kansa ya ƙaddamar da aikin.

Sakataren kwamitin gari ya ce taro irin wannan ba ya armashi sai an ba da tarihin hanyar. Aka nemi takarda aka rasa. Daga ƙarshe aka tuna da wani dattijo, shi kaɗai ya rage cikin tsofaffin leburorin hanya na zamanin En'e. Sakatare ya je har zaurensa ya ja masa kunne: "Baba, minti biyar ne, kuma ranar farin ciki ce. Yabo da godiya kawai." Tsoho ya ce, "Ai ni ban iya komai ba sai godiya."

Ranar taro aka kafa rumfuna a bakin hanya, a wani fili da tifa ta cike da sabuwar ƙasa don manyan baƙi su sami wuri shimfiɗaɗɗe. Bayan addu'a da jawabin Bulama, aka miƙa wa tsoho lasifika.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "wannan hanya jakai ne suka zana ta. Da jirgin ƙasa ya fito daga Kano, ya bi ta Ringim da Gagarawa har ya kai Nguru a 1930, bai shiga birnin Haɗeja ba, a Malam Madori yake tsayawa. Sai tashar ta zama wurin awon gyaɗa, kowane ƙauye ya nemi ta inda zai kai buhunsa sikeli. Mahaifina yana cikin masu kora jakan. Jaki kuwa ba ya son laka. Shi ya sa kuka ga hanyar tana ta karkace-karkace: duk inda ta kauce, ruwa ta kauce wa. Wuri guda ne babu makawa, gindin fadama, inda ruwan jigawa yake tattaruwa ya nufi kogi. Da aka zuba burji don motocin gyaɗa, nan En'e ta sa kwalbati.

"Ni na shiga aikin ina saurayi. Kowane lebura da yankinsa, da baronsa da shebur da diga. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai obasiya ya zo a kan kekensa. Ba ya ɓata lokaci a saman hanya. Sauka yake yi, ya naɗe wando, ya durƙusa ya leƙa cikin kwalbati. In ya hango haske ta ɗaya bakin, ya hau kekensa ya wuce. In bai hango ba, kuɗin yininka ya tafi. Ba a taɓa kafa mana rumfa ba, ba a taɓa kira mana makaɗa ba, amma ban tuna daminar da mota ta kwana a gindin fadama ba."

Babban baƙo ya gyaɗa kai. Sakatare ya dubi agogo.

"To, fari ya zo a 1973, cuta ta kama gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. A 1976 aka sauya tsari, ƙananan hukumomi suka gaji En'e. Mu leburori, wanda ya tsufa ya ajiye shebur, wanda ya rasu ba a maye gurbinsa ba. Ba laifin kowa ba ne, ranka ya daɗe, zamani ne.

"Bayan an ba mu Jigawa a 1991, Allah ya kawo mana wani bawan Allah ya zuba kwalta. Mun yi murna, an kafa allo babba a mararraba. Damina kaɗan aka yi hanya ta yanke a gindin fadama. Amma ba a yi asara ba, allon yana nan, shi ne ƙyauren garken awakin Bulama. Daga baya wani bawan Allah ya sake zuwa, allonsa ya fi na farko, har da hoto. Shi ma hanyarsa a gindin fadama ta yanke. Allon kuwa mai shayi ya rufa rumfarsa da shi, har yau ba ya yoyo. Aiki mai kyau, Allah ya saka."

Bayan rumfa ya ɗauki dariya. Na gaba suka gyara zaman babbar riga.

"Jikana ya karanta mini allunan. An rubuta wanda ya ba da aiki, an rubuta ɗan kwangila, an rubuta watannin da za a gama. Komai daidai. Illa dai ruwa bai iya karatu ba. In ya zo ƙofarsa yake nema, in ya tarar an rufe sai ya buɗe wata da kansa, ba ya tambayar nawa aka kashe.

"Kada kuma a ce baƙi kaɗai na gode wa. Mu ma 'yan gari mun yi ƙoƙari. Da muka ga bakin kwalbati ba mai kula da shi, muka taimaka masa da shara da toka da ledar ruwa. Wani ɗanmu mai himma ya gina shago a kan lambatu, ciniki yana tafiya. Samarinmu sun sami sana'a, suna cika ramuka da yashi suna miƙa wa direbobi hannu, yashin da ruwan farko zai kwashe ya kai shi inda sharar take."

Wannan karon bayan rumfa ya yi tsit. Mai shagon ya tuna yana da uzuri.

"Ambaliyar 2022 kowa ya gan ta. An ce ruwan sama ya yi yawa, gaskiya ne. An ce tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa tafiyar kogin Haɗeja ta sauya, kacala ta toshe masa hanyoyi, wannan ma gaskiya ne. Amma riɗinmu da shinkafarmu ba a Tiga suka maƙale ba. Mai naƙudar da muka ɗora a amalanke muka kewaya da ita ta jigawa, ba kacala ce ta tare mata hanya ba. Tarihin ke nan, ranka ya daɗe. Allah ya sa na uku ya fi na baya."

Babban baƙo ya karɓi lasifika yana murmushi. Ya yaba wa dattijo, ya ce irinsu ne madubin al'umma, sannan ya juya ga ɗan kwangila: "A nuna mini wannan kwalbatin yanzu, kafin in yanke ƙyalle." Ɗan kwangila ya shiga buɗe takardu. Ya dubi injiniya, injiniya ya dubi Bulama, Bulama ya dubi shugaban kwamiti, shi kuma ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi.

"Kada ka wahalar da kanka, ranka ya daɗe," in ji tsoho. "Ba nisa. A bakinsa kujerarka take. Shekaranjiya aka binne shi, don kada ka zauna a rami."

Sakatare ya yi wa makaɗa alama su saki kiɗa. Cikin hayaniyar, babban baƙo ya matso kusa da tsoho ya rage murya: "Baba, duk wannan da ni kake?"

"Wane ni, ranka ya daɗe! Tarihi aka ce in bayar."