Lambun Ɗalibi: Tsirowarsa, Rayuwarsa da Ajalinsa

Lambun ɗalibi noma ne da ake yi a tsakar gidan iyaye, cikin buhunan siminti, gwangwanayen madara da bokitan da uwar gida ba ta ce ta gama da su ba. Ko a makon nan an huda wani baho mai lafiya da ƙusa, wai don kada ruwa ya kwanta wa na'ana'a. Bahon wanki ne, kuma na aro.

Lokacinsa biyu ne: dogon hutu da yajin aiki. Yajin aikin ASUU na 2022, da ya ɗauki wata 8, ya yaye manoman da ko shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 bai yi mafarkinsu ba. Ilimin kuwa daga bidiyon waya ake ɗebo shi, inda wani Bature ke shuka a garin da rana ba ta cizo.

Ana farawa da alayyahu, domin cikin mako 3 zuwa 4 ya isa yanka, sai na'ana'a da ɗoɗɗoya. Daga nan buri ya hau kai, a binne albasa da tafarnuwa. Nan ake samun matsala, don albasa tana son wata 3 ko fiye bayan dashe, ɗalibi kuma ba ya yarda da abin da ba ya gani. Duk bayan kwana biyu sai ya tone ta ya duba ko ta yi kai, ya mayar ya rufe. Mutanen Aliero da Galmi, da albasa ta gina wa gidaje, ba su san wannan dabara ba.

Babban rukunin aikin shi ne hoto. Ana ɗaukarsa kafin ban ruwa, wani lokaci ma a madadinsa.

Sai a zo kan tumatir. Lambun ɗalibi yakan haifi tumatir guda ɗaya tak, kuma daga ranar da ya fito gidan ya shiga dokar ta-ɓaci. A hana yara ƙwallo. A ɗaure kaji. A sauya wa igiyar shanya wuri, saboda inuwar zane tana tauye masa haƙƙi. Tumatirin nan yana shan jarkar mai ga-ruwa shi kaɗai alhali mutanen gida na auna ruwan alwala. An ɗauke shi hoto yana kore, an ɗauke shi yana ɗorawa, an ɗauke shi ta gefen da bai da tabo. Abokai na turo addu'a, wata gwaggo daga nesa har ta tambaya ko an sa ranar suna. In aka tara kuɗin iri, taki, ruwa, bahon aro da na data, za su sayi kwando a kasuwar 'Yankaba har a biya ɗan dako. Da ƙwarin Tuta absoluta suka cinye gonakin Kadawa da Kura a 2016, manoma sun yi kuka, amma ba kamar na ɗalibin da ya ga tsutsa ɗaya a ganyensa ba.

Abin da ke ƙona rai shi ne lacca. Uwar da ta yi shekara da shekaru tana raya zogale, yakuwa da kabewa a bayan ɗaki da ruwan wanke-wanke, ba hoto ba sanarwa, ita ce yau ake zaunarwa. "Umma, wannan fa kimiyya ce, ba irin taku ba." Ita kuwa sai ta ce, "To, Malam manomi, a ba ni kuɗin cefane." Shi ne kuma zai tsaya gaban ɗan lambun da ya tashi tun asuba yana jan ruwa a fadama, ya yi ta ciniki kan ƙullin latas har mutumin ya rantse. Wannan rashin kunya ce, ba ta da wani suna.

Ajalin lambun yana hannun akuyar maƙwabta. Akuyar unguwa dabba ce mai tsari: ba ta taɓa shuka tana ƙarama, sai ta bari an gama wahala. Ta san lokacin sallar Azahar, ta san ƙofar da ba a sakayawa. Kuma ba ta da mai ita a ranar ɓarna. A kai ƙara gidan da kowa ya san can take kwana, a ce ai tasu mai farin goshi ce, wannan kuwa goshinta fari-fari ne. Mai unguwa ya saurari kowa, ya ce a yi haƙuri, zaman tare ya fi tumatir. Sai ana gobe Sallah za a ga masu ita sun fito har mutum uku, kowa da shaidunsa.

Da an janye yajin aiki ɗalibi zai haɗa jaka, ya bar wa ƙannensa wasiyyar ban ruwa safe da yamma, wadda ba a taɓa jin an cika ba. Buhunan su bushe, na'ana'a kaɗai ta rage, don ita ko an so kashe ta ba ta mutuwa da sauƙi. Kuɗin bahon aro kuma Umma ce ke biya.