Kowa Magini Ne a Na'ibawa

Mutumin Na'ibawa a Kano yana da uzuri idan ya wayi gari ya ji a ransa cewa shi magini ne. Kasuwar 'Yan Katako tana bakin ƙofarsa a kan titin Zariya, kullum kurkura na wuce shi da katako da silin da ƙofofi, kuma cikin maƙwabtansa akwai da yawa da suka ci abinci a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, waɗanda hannunsu ya saba da sifana fiye da alƙalami. Saboda haka ranar da silin ya fara ɗiga, ba kafinta ake fara nema ba, tsani ake arowa. Maigida ya hau, uwargida ta riƙe masa, yara su tsaya kallo, an fara aikin da ake cewa na kwana uku ne. Ban ga laifin wannan ba. Iyalin da ya tashi gyara gidansa da hannunsa alhali yana kwana a ciki bai yi ganganci ba, gadonsa ya ɗauka. Inda na ga matsala shi ne an gaji ƙarfin halin zamanin ginin ƙasa, an shigo da shi zamanin siminti ba a rage masa komai ba, kuma duk ire-iren mutanen da za a ambata nan gaba wannan ciwo ɗaya ne ke damunsu.

A gidan ƙasa gyara ba ya ƙarewa, kuma ba wanda ke ƙaura dominsa. Kafin damina ta faɗi maza su kwaɓa ƙasa su yi yaɓe, su duba indararo, su ƙara wa soro ƙasa. Mata kuma su yi gayyar daɓe, su daki tsakar ɗaki da madaɓi suna waƙa, su yayyafa makuba ya yi ƙarfi. Aikin da ya fi ƙarfin mai gida, kamar ɗora azara ko ɗaurin guga, yana da masu shi, har da Sarkin Magina a kansu, kuma ba wanda ke jin kunyar kiransu. Abin da ya sa hannun ɗan koyo bai yin ɓarna a wancan gini shi ne ƙasa tana yafiya: in yaɓe ya karkace a jiƙa shi a sake, ba a yi asarar komai ba sai gumi. Siminti bai san wannan ba. Da zarar ya sha ruwa ya fara kamawa, yana son a yi ta ba shi ruwa wajen mako guda, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28, kuma kuskuren da aka yi a cikinsa da guduma ake goge shi, da kuɗi ake sake shi.

Na farko a sahu shi ne Injiniya. Ba jami'a ta ba shi sunan ba, majalisar ƙofar gida ce. Ya yi shekaru yana kula da inji a wata masaƙa kafin a rufe ta, kamar yadda aka rufe masana'antu da dama a Kano sakamakon rashin wuta da kwararar kayan waje, ya dawo gida da akwatin kayan aiki da yaƙinin cewa wanda ya iya kwance injin saƙa ba bulo ne zai gagare shi ba. Bai yarda da igiyar awo ba, idonsa ya ishe shi. Shi ya sa ruwan banɗakinsa ke gudu ya bar magudana ya nufi ƙofar ɗaki. In uwargida ta ce, "Malam, ruwan nan fa cikin ɗaki yake shigowa," sai ya tsuguna ya ƙura wa tayil ido ya ce ai ƙasa ce ta zauna. Amma a yi masa adalci: ba rago ba ne, kuma mutumin da aka raba da aikinsa yana neman abin da zai riƙa gyarawa. Gidan ne kawai ya rage masa.

Ƙaninsa a sana'a shi ne ɗalibin YouTube, wanda ke riƙe da cokalin gini a dama, waya a hagu. Malaminsa wani Bature ne a Amurka da ke gyara bangon katako da injin da ba ya sanin ɗaukewar wuta. Darasin minti goma ne, data kuma tana ƙarewa a minti na bakwai, daidai inda malamin zai faɗi abin da ba a so a yi.

Sai Alhaji Buhu-Ɗaya, wanda ya fi kowa yawa, kuma ya fi kowa hujja. Tsarinsa shi ne duk ƙarshen wata ya sayi buhun siminti guda ya jingine a zaure, har su taru. In aka yi masa dariya zai tuna wa mutum cewa tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 komai ya tashi, cewa a farkon 2024 buhu mai kilo 50 ya haura naira dubu goma a wurare da yawa, har sai da gwamnatin tarayya ta kira Dangote da BUA da Lafarge zaman sulhu. Don haka, in ji shi, gara kuɗi ya kwana a buhu da ya kwana a aljihu. Wannan magana gaskiya ce ga bulo da rodi da kwano. Ga siminti kuwa ƙarya ce, domin yana shan danshi daga ƙasa da iska, ƙarfinsa na raguwa in ya daɗe, kuma buhun da ya ci damina a kan daɓen zaure yakan wayi gari dutse, yara na zama a kansa suna cin gyaɗa. Wannan Alhajin ne kuma ke shiga 'Yan Katako ya zagaye rumfuna har ya samo mafi araha, wato ɗanyen katakon da bai bushe ba, ba a kuma shafa masa maganin gara ba. Mai rumfar ya gaya masa, domin 'yan kasuwar sun san kayansu, shi ne ya ɗauka dabarar ƙara kuɗi ce. Hunturu na busowa katakon ya lanƙwashe, ƙofa ta ƙi rufuwa, a koma tokare ta da turmi. Araha dai ba ta ado.

Kada maza su ce an bar mata. Akwai Hajiya Na-Gani-a-Gidan-Wance, wadda zanen gidan ke sauyawa duk ranar da ta dawo daga biki. An shafa ruwan madara, ta ga ruwan toka a Hotoro. An kafa silin, ta ga na zamani mai fitilu a ciki a wani gida a Nasarawa, ta ce, "Alhaji, wannan namu ai na da ne." Ba ta taɓa riƙe guduma ba, amma ta fi kowa rushe gini. Sai dai masu ɗora wa mata alhakin jan aiki su dakata, domin ban da Hajiya irin wannan akwai matan da ba su nemi komai ba sai a bar musu kicin ɗinsu. Uwargida 'Yar Gudun Hijira ita ce ke biyan kuɗin aikin da ba a rubutawa a takarda. An fasa kicin, ta koma girki a tsakar gida kusa da tulin yashi, miya na ƙas-ƙas a baki, maigida na tambayar ko ba a rege shinkafar ba. Kayan ɗakinta, waɗanda iyayenta suka yi shekaru suna tarawa, an tattara su a ɗakin yara an rufe da tsohon zani, madubin sif ya tsage ba a san wanda ya yi ba. Ita ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ta ga an kwashe jarkokin an zuba a kwaɓi. Ita ke hana mai rarrafe cin siminti, ta tsince ƙusa kafin ƙafa ta same ta. In kuma maigida ya kira lebura ya taya shi, ita ce za ta yini a ƙulle a ɗaki ɗaya da hijabi cikin zafin Afrilu, a gidanta. Da za a tambaye ta tun farko, ita ta fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya da bangon da ke jiƙa, domin ita ke yini da gidan.

Wanda ba abin dariya ba ne sosai shi ne Mai Fasa Bango. Ya lura unguwa ta cika, titi ya yi albarka, ya ƙudurta zai mai da ɗakin waje shago, ko ya haɗe ɗaki biyu falo ya yi faɗi kamar na masu kuɗi. Bai tambayi abin da bangon ke ɗauke da shi ba, bai san ko akwai linta a sama ba, bai san bulon inci shida ba a yi shi don ɗaukar bene ba. Ya ji ana maganar neman izinin hukumar tsara birni ta KNUPDA, ya ce ai gidansa ne. Gidansa ne kuwa, da 'ya'yansa a kwance a ɗakin da ke jikin bangon. Mutanen Kano ba su manta da benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ana tsaka da gininsa ba, kuma nauyi ba ya tambayar ko ginin kasuwa ne ko na iyali. Abokin tagwaicinsa shi ne mai haɗa wayar wuta da kansa, wanda ke aiki hankali kwance don an ɗauke wuta, ya manta ba a sanar da shi lokacin kawowa.

Dukansu kuma suna da 'yan rakiya. Maƙwabci ya leƙo ya ce da shi ne da ta gabas zai fasa taga. Suruka ta zo duba jikoki ta tarar da su fari fat, ta ce wa ɗanta, "Kai yanzu wannan gyara ne ko yaƙi?" Wani abokin ya kawo labarin fentin da ya fi araha a Sabon Gari. Ba ɗayansu da zai ɗauki shebur. Abin da ke kawo ƙarshen aikin ba shiri ba ne, wa'adi ne: suna ya matso, ko Sallah, ko an sa ranar 'yar fari. A kwana biyu a shafa fenti a kan filastar da ba ta bushe ba, baƙi su zo su yi ta sa albarka, bayan wata guda bango ya fara saɓa.

Za a ce mini to mene ne mafita, tunda masu sana'ar ma ba waliyyai ba ne? Birkila ya karɓi kuɗin kafin alƙalami ya ɓace zuwa wani aikin, kafinta ya ce gobe har gobe ta gaji, mai fenti ya ƙara ruwa a bokiti. Kuma ina talaka zai kai iyalinsa, a garin da mai gidan haya ke neman kuɗin shekara a dunƙule? Wannan ƙorafi daidai ne, shi ya sa ban ce kowa ya ajiye tsani ba, ban kuma ce a ƙaura ba. Amma rashin alƙawarin birkila bai mai da akawu birkila ba. Maganinsa a biya shi kashi-kashi gwargwadon aikin da ya gama, a sayi kaya da kai, a tsaya a kansa, abin da mai kwana a gidan ya fi kowa damar yi. Kakanninmu da suka yi yaɓe da hannunsu ba su ɗora azara da hannunsu ba, kuma wannan rabo yana nan: fenti da toshe tsaga da sauya famfo da raga ta sauro duk aikin mai gida ne, in ya lalace a sake, bangon da ke ɗauke da rufi da wayar wuta da ramin shadda kuwa na masu su ne. Ɗaki ɗaya ake fasawa, ranar da kuɗin rufe shi ke hannu, kicin da banɗaki kuma ba a taɓa su tare. Ke kuma uwargida, in kika ga maigida yana ƙwanƙwasa bango da yatsa yana kasa kunne, ga hadarin Agusta ya haɗo, ki aika yaro ya mayar wa maƙwabta da gudumarsu tun kafin a idar da La'asar.