Yadda Aka Raba Motata da Shan Mai

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Maiduguri. A nan ne halin motata ya fito fili. Camry ce ƙirar 1999, wadda ake wa laƙabi da fensir, 'yar Kwatano da ta ga jiya ta ga yau. Daga gidana a Wulari zuwa Kasuwar Monday ba wata tafiya ba ce, amma allurar mai sai ta riƙa rusunawa ina kallo. Da a wani gari ne, da na jingine ta na sayi babur. To mu tun 2011 aka hana hawa babur a cikin gari. Ko mota, ko Keke Napep, ko sayyada.

Shawara ba ta yi wuya ba a majalisarmu. Wani ya ce in riƙa kashe inji a gangara, alhali Maiduguri a shimfiɗe take. Wani ya ce in daina kunna esi, wadda ta rasu tun kafin in sayi motar. Bakanikena na titin Baga kuwa ya ɗaga bonet, ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, fulogi ne." Aka canza fulogi. Daga baya ya ce nozul ne, sannan famfon mai. Aljihuna na ramewa, mota na nan da ƙishirwarta.

Ana haka sai ɗan maƙwabcina, wanda ya yi karatu a Ramat Polytechnic, ya zo da wata 'yar na'ura ya soka a ƙarƙashin sitiyari, ya duba wayarsa.

"Baba, sensar iskar oksijin ce ta mutu."

Ya ce a jikin bututun salansa take, kusa da inji. Aikinta ta shinshina hayaƙi ta sanar da ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, domin inji yana son awo 14.7 na iska a kan awo 1 na fetur. In ta mutu, sai ƙwaƙwalwa ta koma zuba mai da ka, kamar sabuwar amarya da gishiri.

"Baba, fitilar gargaɗin inji ba ta taɓa kamawa ba?"

Na ce ko sau ɗaya. Da aka kwance dashbod sai ga gurbin ƙwan wayam. Bakanike ko gezau bai yi ba. "Alhaji, ai na ga za ta riƙa tayar maka da hankali, shi ya sa na raba ku."

Cire tsohuwar sensa sai da ya tara 'yan kallo. Tsatsa ta riƙe ta gam. Yaron gareji ya zura dogon bututu a wutsiyar sifana, ya rungume shi ya yi lilo, sai ji muka yi ƙas, ga yaro a ƙasa, ga sensa baƙa ƙirin da kunkunniya. Aka kawo wata ta Beljiyam, soket ɗinta ya ƙi shiga. Mai kaya ya rantse duk ɗaya ne. Bakanike ya datse soket, ya murɗa wayoyi da haƙori, ya naɗe da leda. Motar ta kawo ni shataletalen Post Office da tari da atishawa, ta mutu a tsakiyar titi. Masu Keke suka sa ni gaba da hon, wani yana cewa, "Baba, a kai ta gidan tarihi mana!"

Sai da ɗan maƙwabcin nawa ya bi lambar da ke jikin tsohuwar aka samo daidai da ita. Shan mai ya ragu, amma bai gamsu ba. Ya ce ruwan inji ba ya yin zafin da ya kamata. Ashe an cire tamostat tuntuni, an haɗa fanka dairek.

"Alhaji, wannan na ƙasar masu ƙanƙara ne," in ji bakanike. "Nan fa Maiduguri ce."

Yaron ya ce, "Oga, inji kusan digiri 90 yake so. Ranar Afrilunmu da muke kuka da ita ba ta wuce rabin haka. In bai yi zafi ba, ƙwaƙwalwa tana zaton har yanzu asuba ce, sai ta yi ta ƙara mai."

Haka muke gyara a garejinmu: duk abin da ya yi ƙorafi a jikin mota, a cire shi a huta. Aka mayar da tamostat, aka mayar da ƙwan fitila, aka canza matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Mota ta dawo hayyacinta, allura ta tsaya da ƙafarta.

Labari bai kwana ba ya zaga Wulari cewa motar Alhaji ta tuba. Mai suna ya zo aro, mai kai amarya ya zo, mai zuwa ta'aziyya ya zo, kuma ba a hana maƙwabci. Ranar Juma'a na cika tanki, Asabar wani amini ya karɓi makulli. Da magariba ya dawo fuska cike da fara'a, allura kwance a ƙasa.

"Alhaji, Allah ya sa albarka a motar nan! Har Damaturu muka je muka dawo, wallahi ko lita ɗaya ba mu ƙara ba."