Zuwa ga Bazazzagen da Ba Shi da Teburi

Ya kai bawana ɗan Zazzau. Na ji an ce bana ka koma Arsenal. Allah ya sanya alheri. Bara kana Manchester City, kafin nan kuma rigar Chelsea ce a jikinka, har kana rantsuwa kai da ita mutu-ka-raba. Ni dai ban yi mamaki ba, don tun a teburin mai shayi na gane halinka. Duk zuwan da ka yi sarin tumatir Kwanar Gafan, yau a gan ka a teburin bakin titi, gobe a na cikin kasuwa, jibi ka ɓace a wani lungu cikin Kura. Wai kana neman inda aka fi iya haɗi. Mu da muka san ka mun san littafin bashi kake gudu.

Mu nan Kura da Bunkure, mutum teburinsa ɗaya, ƙungiyarsa ɗaya. Da an sallame Asuba, kafin a tafi ban ruwa, kowa ya san gurbinsa a benci. Mai shayi ba ya tambaya: ya san mai shan ruwan bunu, ya san mai haɗin kauri, ya san wanda sai ya tsoma fanke yake jin ya karya. Ranar da Pillars ta buga kuwa, nan ake dawowa da dare a yi wa alƙalin wasa shari'a, a sallami koci, a sayo ’yan wasa, duk kafin butar ta huce.

Kada ka ɗauka daɗin shayin ne kawai ya zaunar da mu. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya biyo magudanan Kadawa, mu manoman rani ne. Daga dashe zuwa girbi kuɗi fita suke yi: iri, taki, magani, ’yan ƙwadago. A wannan tsakanin mai shayi ke rubutawa, sai shinkafa ta shiga buhu ko tumatir ya hau kwando a biya shi. A 2016, da tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye mana tumatir, bencinmu bai watse ba, biro ne dai ya sha wuya. Wanda ya riƙe ka a irin wannan shekara, ba ka guje masa don wani ya sayo sabon janareta da ƙatuwar talabijin.

Haka muke da Pillars, Masu Gida. Mun ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, muka jera shi sau uku daga 2012 zuwa 2014. A 2009 mu muka fitar da Al Ahly ta Masar, muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Da muka faɗa rukuni na biyu a 2022, kai ne ka fara kira, kana dariya har da tari. To, ba mu sauya riga ba, kuma a 2023 muka dawo. Ahmed Musa ma, da ya taka leda a Rasha da Ingila da Saudiyya, gida ya waiwayo. Kai fa, ranar da ƙungiyarka ta sha kashi, wayarka ce ke mutuwa.

Tunda kullum kana mana tinƙaho da jami'a, bari in ƙara maka karatu kyauta. A Kanada akwai shagunan kofi da irin fanken Turawa da ake kira Tim Hortons. Wanda ya kafa su a garin Hamilton a 1964 ɗan wasan hoki ne na kan ƙanƙara, kuma har yau masoya wasan da kofin shagon a hannu suke zuwa kallo. A Amurka, mutanen Boston haka suke da Dunkin', wanda aka fara a Quincy, kusa da su, a 1950. Ka ga ko Bature ya san in an zaɓi wuri ana zama. Bambancin kawai, su ba a rubuta musu bashi, don haka da can aka haife ka da yunwa ta gama da kai.

Na san amsarka. Za ka ce Bakano ba ya zama inda ba riba. Gaskiya ne, kuma ribar ke nan: muna da inda za mu sha shayi ko aljihu ba ko sisi, kai kuwa sai ka leƙa ka ga wa ke kan teburi kafin ka sauko daga mota.

Ga sharaɗi. In ka zo sari na gaba, ka bi teburan nan ɗaya bayan ɗaya ka sauke nauyin da ke kanka. Sannan ka zo namu, za mu ba ka ƙarshen benci, wajen hayaƙi. Ruwan bunu za ka riƙa sha har sai ka kammala kakar wasa guda da riga ɗaya, sannan a fara ɗiga maka madara. Kuma ka taho da kuɗin sharata, don na Muharram ɗin da ya wuce ma har yanzu ina bin ka.

Naka, ubangidanka na Kura.