Masu Fatawa a Kan Masarautu Goma Sha Biyu

Tun da Fuyumi Ono ta fara fitar da littattafan Juuni Kokuki, wato Masarautu Goma Sha Biyu, a 1992, kamfanin Pierrot kuma ya mayar da su anime da tashar NHK ta nuna daga 2002 zuwa 2003, Allah ya azurta labarin nan da masoya, mu kuma ya jarrabe mu da su.

Jagoransu shi ne Malam Ai-a-Littafi. Shi idan ya zauna kallo, zaman mai duba takardun jarrabawa yake yi, da jan biro a zuciya. Kafin Keiki, baƙon da ya zo daga wata duniya, ya gama durƙusawa a gaban Yoko, jarumar labarin, a makaranta, tsaki ya fara tashi. Ciwon da ke hana shi barci kuwa Sugimoto da Asano ne. A littafi, Yoko ita kaɗai aka jefa waccan duniya, ga yunwa, ga dodanni, ga matar da ta ba ta masauki alhali tana shirin sayar da ita. Masu anime sai suka haɗa ta da 'yan makarantarsu biyu, Asano ma ƙirƙiro shi suka yi ɗungurungum. Ka kuskura ka ce ai dole ne, zancen zuci ba ya zanuwa, sai an samo mata abokin magana, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "To shuɗin birin da ke mata ba'a, aikin me yake yi?" Abin haushin, yana da gaskiya, kuma ya san yana da ita. Duk da haka babu kashin da ya wuce shi cikin kashi 45 na anime ɗin, kiɗan buɗewa ma ba ya tsallake shi. Wai don ya tara hujja.

Akwai wanda ya gudu tun farko, wai Yoko ta cika kuka. 'Yar sakandare aka sace aka yar a daji. Shi da ko wuta aka ɗauke sai unguwa ta ji muryarsa.

Sai Mai Taswira. Ka tambaye shi sunan mutum ɗaya a allo, ya tsayar da kallon. Nan za ka ji cewa a can a jikin bishiya ake samun 'ya'ya, wani da ake kira kirin ne ke zaɓen sarki bisa umarnin Sama, sarki ya kauce hanya kirin ya kwanta ciwo, kirin ya mutu sarki ya bi shi, sarkin ƙasar En kuma shekara 500 ya yi a gadon sarauta. Sunan da ka tambaya dai ba za ka ji shi ba.

'Yan Rakushun ba su da matsala da kowa. Ɓeran nan mai ilimi da ya tsinci Yoko rai a hannun Allah ya yi jinyarta, shi ne ma'aunin da suke auna samarin duniya da shi, kuma har yanzu ba wanda ya ci.

Masu jiran Taiki kuwa a tausaya mana, wato a tausaya musu. Anime ya ƙare bai faɗi makomar yaron ba, balle ta sarkinsa Gyousou da ya ɓace a ƙasar Tai. Littafin ma daga 2001 bai dawo kan zancen ba sai 2019, da juzu'i huɗu. Wasu sun fara jiran suna ɗalibai, suka karɓi amsa da 'ya'ya a cinya.

Shi ya sa na ƙarshen nan ba na masa dariya. Shi ne wanda ya riga kowa karanta juzu'an huɗu, ya ji kana cewa yanzu ka kama na farko, ya matso yana murmushi: "Ba zan ɓata maka ba, amma ka lura da wane." Ya ɓata ke nan. Shekara 18 marubuciya ta bar mutane da tambaya, shi ya zubar da amsar a numfashi ɗaya don kawai a san ya karanta. Ka nuna ɓacin rai ya ce, "Au, na ɗauka ka sani." Bai ɗauka ba, ƙarya yake, don da kansa ya tambaye ni shafin da nake kafin ya buɗe baki.