Mu Rimawa da doguwar mesa

Mu mutanen bakin gulbin Rima mun iya barin jaki mu doki taiki. Daga Goronyo zuwa Wurno, in ruwa ya iso fangalin albasa yana tsiyaya kamar hawaye, inji ne mai laifi. In ba inji ba, bakanike. In ba shi ba, masu buɗe madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Mesarmu kuwa ba mai taɓa ta.

Ga yadda muke yi. Mu kafa inji bakin gulbi, gona tana can nesa. Mu sayi mesa mai inci biyu don ita ce mai araha, mu aro ta maƙwabci mu haɗa, mu ɗaure mahaɗar da roba. Ta yi kwana nan, ta lanƙwashe can, amalanke ya taka ta sau uku. Sannan mu tsaya ƙarshenta, hannu a ƙugu, muna mamaki.

Ran nan a teburin mai shayi Kawu ya rantse sai ya sayar da injinsa. Ɗan ƙanwarsa da ya yi karatun aikin ruwa ya ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, injinka lafiya lau yake. Ruwa yana gogar cikin mesa ne yana tafiya, kowane taku yana rage masa ƙarfi. In ka ninka tsawonta, ka ninka asarar. Kowace kwana kuma da nata kason."

"To in ɗauko gonar in kawo bakin gulbi?"

"A'a, Kawu. Ka sa mai inci uku. Ƙofarta ta fi ninkin ta inci biyu. In ruwa daidai wa daida za su kai, gogayyar cikinta ta ragu kusan sau bakwai. Kuma ka sauko da inji kusa da ruwa, don turawa ta fi masa sauƙi da zuƙa. Zurfi in ya wuce mita 7 ko 8, ba ya iya jawowa."

Kawu ya kurɓi shayi ya ce, "Kakanninmu da jigo suka yi lambu, ba su san inci ba."

Mai shayi ya ce, "Ba su kuma sayen fetur ba, Alhaji."

Aka fashe da dariya, amma magana ta zauna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk awar da inji ya ƙara yana kokawa da siririyar mesa, daga kuɗin albasa da tafarnuwarmu take fita.

Ranar kasuwa an ga Kawu ɗauke da mai inci uku, yana gaya wa kowa dabarar tasa ce. Ɗan'uwa, kafin ka kai injinka wurin bakanike, ka bi mesarka da ƙafa daga gulbi har gona.