Ɗan Tsakon Nan Ɗan Gidan Wa Ne?

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, in kana son tara jama'a ba tare da ka raba goro ba, ɗauko ɗan tsako ɗan mako uku ka fito da shi ƙofar gida, ka ce, "Jama'a, wannan wane iri ne?" Kafin ka rufe baki an kewaye ka. Mutumin da rabonsa da kiwo tun akuyar da aka ba shi lokacin kaciya shi zai fara miƙo hannu. Ya juya tsakon, ya buɗe fiffike, ya hura gashin ƙirji, ya leƙa ƙarƙashi, sannan ya yi jim don a san ilimi na nan tafe. A wannan majalisa ana iya jahiltar kuɗin taki, ana iya jahiltar ajin da ɗan cikinka yake a makaranta, amma ba a taɓa jin wanda ya ce bai san asalin kaza ba.

Dattijo ne ke buɗe shari'a. "Ɗana, dubi ƙafar nan. Rawaya ce fes. Wannan bature ne, uwa da uba." Sai mai shayi ya ajiye ludayi. "Haba Baba, a gafarce ni, ina bature ya ga wannan zane? Maja ce, ni da na ga dubunta." Can wani saurayi ya kutso da waya a hannu, ya ɗauki hoto, ya latsa ya latsa, ya ce ai Brahma ce, ga gashi nan a ƙafa. Nan take mai tsako ya fara lissafin kuɗin babur, don ya ji labarin yadda masu kiwon ado a Kano ke zuba kuɗi kan waɗannan manyan kaji masu gashi har yatsu, waɗanda aka samar a Amurka tun wajejen 1850 daga wasu ƙatti da aka ɗauko daga Sin. Ana cikin taya shi murna wani yaro ya sa hannu ya cire gashin. Ashe auduga ce ta manne, abin da ba ya wuya a garin da ake gurzarta.

Wadda ta fi kowa kusa da gaskiya ba ta ma fito ba. Daga bayan zana Gwaggo ta leƙo, ta ce, "Ku daina wahal da shi. Ɗan jan zakaran gidan liman ne, ku dubi tafiyarsa." Aka yi dariya, alhali ita kaɗai ta yi magana da hujja. Zakaran unguwa bai san katanga ba, bai san sadaki ba. Kazar da ke yawo tsakanin gida bakwai, in ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe goma, ba mamaki ubansu uku. Cikinsu a samu durgu mai gajerun ƙafa, a samu mai wuya ba gashi, a samu dogo mai kama da kajin Fulani. Su kuwa majalisa so suke su ba kowane suna irin na jikin kwalin kamfani.

Sunayen kwalin ma ba duka muke girmamawa ba. Duk mai zuwa Zariya daga Funtuwa sai ya bi ta Shika, inda cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta yi shekaru tana aiki har ta fitar da kazar ƙwai mai jure zafinmu, Shika Brown, aka yi mata rajista a 2000. Ka taɓa jin wanda ya bugi ƙirji a majalisa ya ce tasa 'yar Shika ce? Ina! Shika ta yi kusa, kuɗin mota kaɗan ne. An fi son sunan da harshe zai yi tuntuɓe a kansa. Noiler, wadda kamfanin Amo Farm ya samar, 'yar garin Awe ce a jihar Oyo. FUNAAB Alpha kuma 'yar jami'ar noma ta Abeokuta ce, rajistarta 2018. Mu dai mun tattara duk mai jiki da zane mun kira ta maja, mun ba ta takardar zama baturiya. Abin da ba a son ji shi ne, irin waɗannan kajin haɗi ne: in suka hayayyafa a tsakar gida, 'ya'yan ba sa fitowa sak iyayensu, jikokin kuwa sai dai a yi zumunci.

Da hukuncin majalisa a baki yake tsayawa da sauƙi. Amma shi ke raba arziki. Tsakon da aka ce bature ne, a ranar zai koma ɗaki. A hura masa gawayi a kasko, a sayo masa abincin buhu alhali ga masara da waken suya a rumbu, a zuba masa bitamin a ruwa, a ɗiga masa rigakafi a kan lokaci. Maigidan da bai taɓa tashi da dare don kukan jariri ba, sai ga shi ƙarfe biyu da tocila yana duba ko bature ya ji sanyi. Ɗan'uwansa da aka ce na Hausa ne, an sallame shi: ga juji, ga gara, ga shaho, Allah ya raya. In hunturu ya kawo annobar nan da ke murɗe wa kaji wuya ta share akurki, maganinsa barkono a ruwa da guntun kafso da ya rage a kan taga. Allurar rigakafin da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi ba ta tambayar asali, tana yi wa kowace kaza aiki, amma wa zai kashe kuɗi kan ɗan gida? Bayan wata uku a ɗaga na ɗaki a ɗaga na juji, a ce, "Kun gani ko? Jini ba ya ƙarya." Jinin buhu ne.

Mafi ban tausayi shi ne mai shirin Sallah. Kamfanonin ƙyanƙyasa, waɗanda yawancin kwalayensu daga Ibadan suke kwana a hanya da tsaki hamsin-hamsin, ba su da abin yi da mazan kajin ƙwai, don haka da arha suke rabuwa da su. Fararen cikinsu, suna kwana ɗaya, sai mai ido ke raba su da buroila. Wani mai wayo ya saya ya tsaya a bakin tasha yana kiran, "Alhaji, ga na nama, sati shida ka yanka!" Alhaji ya kwashi ashirin. Buroila ta gaskiya, irin su Cobb da Ross, a mako shida zuwa bakwai ta kai kilo biyu. Tun tana mako biyu ƙirji ya buɗe, ƙafa ta yi kauri, ba ta da aiki sai kwanciya kusa da abinci. Na Alhaji kuwa mako takwas sai wuya da ƙafa, zanko ya yi ja tun da wuri, suna tsallake buhu suna dambe. Hajiya ta ce, "Alhaji, anya kajin nan?" Ya ce bakin mutane ne, a daina barin maƙwabta suna leƙawa. Ranar da na farko ya gwada cara da asuba, da wata murya kamar ƙofar kwano, ranar aka daina zancen a gidan.

Alhali abin da zai raba gardama bai wuce uku ba: sunan da ke jikin kwali, sikeli duk mako, da haƙurin wata biyu. Launin gashi ba shaida ba ne, maja kowane launi tana zuwa da shi. Sai dai sikeli ba ya hira, shi ya sa ba a gayyatarsa majalisa.

Je ka layin 'yan kaji a kasuwar Bakori ko Dandume ana jibi Sallah ka ga yadda duniya ke juyawa. Alhajin nan da ya raina kazar Hausa tana tsako, shi ne tsaye yana cewa shi fa ba ya cin naman agirik, lagwaf yake, ba ya romo, a nemo masa ta gida ko nawa ce. Mai kaji ya ce an gama. Ya zura hannu cikin keji ya zaƙulo wata tsohuwar maja da ta sha rana ta rame, ya ɗaga ta sama yana rantsuwa da girman Alhaji cewa tun kakanninta a juji aka haife su, ya ƙara dubu biyu a kan kuɗinta.